Hasken fitila ba ya korar dabba daga kan titi

Direbobi da yawa sun ɗauka cewa idan dabba ta fito kan titi da dare, da ka dalle ta da babbar fitila za ta gudu. Sau da yawa akasin haka ne ke faruwa.

Idon barewa na gani cikin duhu ne. Da dare ƙwayar idon a buɗe take sosai, kuma a can bayan idon akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, shi ya sa kake hango idanunta suna ƙyalli. Idan haske mai ƙarfi ya faɗa mata kwatsam, ganinta yakan ɗauke na ɗan lokaci. Sai ka gan ta tsaye cak, kunnuwa a miƙe, ta rasa inda za ta nufa. Abin tausayi, ba taurin kai ba ne.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa kuwa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya.

Ka taka birki kana riƙe da sitiyari daidai, ka rage fitila, ka danna hon. Kada ka fizge mota gefe, domin nan ake kifewa ko a yi karo da mai tahowa. In ɗaya ta tsallake, dakata, barewa takan zo da 'yan uwanta a baya.