Kwamfuta a cikin kwamfuta: tambayoyin 'yan ajinmu na Nima

Waɗannan su ne tambayoyin da samarin da nake koya wa kwamfuta da yamma a unguwar Nima ta Accra suka fi yi mini.

Malam, wai mece ce kwamfutar cikin kwamfuta?

Ɗauki gidan haya na zango. Gini ɗaya ne, ɗakuna da yawa, kowa da makullinsa, amma famfo da mita na kowa ne. Na'urar ƙarfe ita ce ginin, kowane ɗaki kwamfuta ce ta manhaja mai zaman kanta, manhajar da ke rabon ɗakuna kuwa ita ce maigida. Irinta su ne VMware ESXi da Hyper-V da Xen da KVM, wadda ta shiga cikin Linux a 2007.

Na sayo kwamfuta ta hannu a kasuwar Circle, amma ta ƙi buɗe kwamfutar ciki ko ɗaya. Lalatacciya ce?

Da wuya. Shiga BIOS, wato manhajar da ke fara tashi in an kunna na'ura, ka kunna saitin da ke ba da damar wannan aiki: VT-x in Intel ce, in AMD ce ka nemi SVM. Sau da yawa a kashe suke zuwa.

Ita ma ta cikin tana da nata BIOS?

Ƙwarai kuwa, kuma nan ne mutane ke tuntuɓe. A QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kayan kwamfuta, akwai SeaBIOS, tsohon yayi, akwai OVMF mai bin tsarin UEFI, sabon yayin BIOS. Windows 11 ba ta yarda sai da UEFI da TPM 2.0, ɗan sashen da ke adana makullan sirri, don haka ake ƙera mata TPM na manhaja, kamar swtpm. Abin lura shi ne, OVMF na da ɗan fayil na kowace kwamfuta, inda take ajiye jerin abin da za ta fara tayarwa da makullan Secure Boot, tsarin da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tashi. TPM ɗin ma nasa fayil daban ne.

Wani ɗalibina ya ɗanɗana kuɗarsa. Dumsor, wato yawan ɗaukewar wuta, ta ƙone masa na'ura, ya ce ba komai, ai yana da kwafin faifai. Da ya ɗora a sabuwa, sai shuɗin allon BitLocker, makullin faifai na Windows, ya tare shi yana neman lambobi 48. Fayil ɗin TPM ya tafi da tsohuwar, lambobin kuma bai rubuta ko'ina ba. In za ka kwafa, kwashi duka ukun: faifai da fayil ɗin OVMF da na TPM.

Ɗan haya zai iya haura katanga ya shiga ɗakin maƙwabci?

Ƙofar hakan ta taɓa buɗewa. A 2015 an gano ɓarakar VENOM a sashen QEMU mai kwaikwayon tsohon faifan fulofi, abin da ba wanda ke amfani da shi, amma ta nan ana iya fita a isa ga maigida. Shi ya sa nake cewa duk kayan da ba ka buƙata, cire shi. Amma ni abin da ya fi ba ni tsoro sakaci ne. A Fabrairun 2023 masu kulle bayanai don neman fansa sun afka wa dubban na'urorin ESXi, da yawa a Faransa, alhali gyaran ɓarakar da aka fi zargi ya fito tun 2021. Kada ka bar shafin sarrafa maigida a buɗe ga intanet.

Secure Boot kuma, kunnawa kawai ta isa?

A'a. Takardun shaidar Secure Boot da Microsoft ta fitar a 2011, Yunin 2026 ne farkon cikar wa'adinsu. Kwamfutar da aka kwafo daga tsohon samfuri tana ɗauke da tsofaffin a wancan ɗan fayil, sabunta maigida kaɗai ba lallai ya taɓa su ba. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka duba.