Karnukan aiki a Zamfara da Kebbi

Karen aiki shi ne wanda ake kiwo domin wata hidima, kamar farauta, tsaron garke ko gadin gida da gona. A ƙasar Zamfara da Kebbi, kamar sauran ƙasar Hausa, wannan ne babban dalilin ajiye kare, kuma farauta ce ta fi ba shi daraja. Karen gida na yankin siriri ne, mai gajeren gashi da dogayen ƙafafu, yana jure zafi da yunwa. A arewa da nan, cikin Nijar da Mali, akwai karen Azawak na Buzaye, wanda ya fi shi tsawo da gudu.

Farauta

Lokacinta rani ne, bayan an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe. Sarkin Dawa ko wani babba cikin mafarauta ne kan sa rana da dajin da za a shiga, a yi shela ƙauye ƙauye. Da sassafe maza kan fito da gora, adda, barandami da bindiga harba-ruga, kowa da karnukansa a igiya, makaɗa na biye suna zuga su. Kassu Zurmi na cikin mawaƙan Zamfara da suka yi suna a kiɗan farauta da na 'yan tauri.

Idan an isa daji sai a jeru a faɗaɗa, a saki karnuka. Aikinsu iri biyu ne. Wani da hanci yake aiki, ya bi sansana har ya tayar da zomo daga sabara ko ya tsaya yana haushi bakin ramin gafiya. Wani kuma gudu ne nasa, shi ake jira ya cim ma zomo ko gada a fili. Guza, damo da bushiya duk suna shiga jaka. Ba makarantar da ake kai kwikwiyo, manyan karnuka yake bi har ya gane hanya. Ladansa hanji da ƙashi, a gida kuwa dusa, ƙanzo da ragowar tuwo. Wasu mafarauta kan datse wa kare kunne tun yana ƙarami, wasu su rataya masa laya a wuya.

Yawancin rigimar daji a kan nama ɗaya take tashi: karen wane ya tayar, karen wane ya kama. Inda manya ke da ƙarfin faɗa a ji, a nan take ake raba gardama. Inda babu, sai adda ta fito, abin da ya sa hukuma kan dakatar da farautar taro a wasu lokuta. Manyan dazuzzukan da aka saba shiga a da, irin su Kuyambana, Sububu da Dumburum, rashin tsaro ya sa shigarsu ta yi wuya.

Hukunci a littattafan fiƙihu

Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar da aka horar ta kamo, idan an ambaci sunan Allah. Hadisi ya yi rangwamen ajiye kare don farauta, kiwo ko noma. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Gwandu da Gusau, kamar Risala da Muhtasar, sun yi bayanin sharuɗɗan naman farauta. A mazhabar Maliku kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau 7. Shafi'iyya sun saɓa a kan haka.

Gasa da rubuce-rubuce a waje

A Turai an mayar da aikin kare wasa mai doka da alƙalai. Gasar karnukan kiwon tumaki da aka yi a Bala, ƙasar Wales, a 1873, ita ake yawan lissafawa ta farko a Birtaniya. A Jamus, Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar masu karen makiyayi a 1899, kuma a farkon ƙarni na 20 aka soma gwajin da yanzu ake kira IGP, mai sassa uku: bin sawu, biyayya da tsaron ubangida. Wasan tsallake shinge da kurɗa rami ya fito fili a Crufts, bikin baje kolin karnuka na Birtaniya, a 1978. Kowanne cikinsu na da littattafan horo masu yawa.

Rubutu a kan kare dai ya girmi waɗannan nesa ba kusa ba. Jahiz, marubucin Larabci na Basra, wanda ya rasu wajen 868, ya cika shafuka da muhawara tsakanin mai goyon bayan kare da mai goyon bayan zakara. Ibnul Marzuban, da ya rasu wajen 921, ya tattara labarai da waƙoƙi don nuna cewa kare ya fi mutane da yawa masu sa tufafi riƙon amana, zambo ne ga mutanen zamaninsa.

Raha

Barkwancin Bahaushe game da kare a baka yake, cikin karin magana da tatsuniya. "Karen bana shi ke maganin zomon bana" daga dajin farauta ta fito. Wanda ya canza matsala da wata matsalar akan ce masa tsugunne ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Mai sheƙe ayarsa ba mai tsawata masa yana cin karensa ba babbaka, an sha wuya kowane ɓangare kuwa an yi kare jini biri jini. Akan kuma raɗa wa kare suna don habaici ga maƙwabci, ta yadda duk kiran da aka yi masa saƙo ne ya tsallaka katanga.

A yau

Fulani na ci gaba da ajiye kare a ruga, 'yan sintiri na yawo da shi da dare, jami'an tsaro kuma na amfani da karnukan waje wajen sansano ƙwaya da abubuwan fashewa. Allurar rigakafin haukan kare ana sarrafa ta a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, jihar Filato.