Gadon da ba a raba ba: ina haƙƙin magaji ya tsaya?

Mahaifinmu ya rasu, yayanmu ya riƙe gida da gonaki, ya ce ba yanzu za a raba ba. Yana da wannan ikon?

Ba shi da shi. Da zarar rai ya yi halinsa, dukiya ta zama ta magada gaba ɗaya, bayan an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Girman shekaru ba ya ƙara wa kowa rabo. Yayanku amana ce a hannunsa, kuma kuɗin haya da amfanin gonar da ya ci sai ya kawo lissafinsu ranar rabo. Zancen "kada a raba kan gida" yana da daɗin ji, amma sau da yawa matan mamaci da marayu ne ke ɗanɗana kuɗarsa, domin tumunin takaba ma sai a riƙa yi musu gobe-jibi.

Sai duk magada sun yarda kafin a je kotu?

A'a. Magaji ɗaya, namiji ko mace, ya isa ya shigar da ƙara a kotun shari'ar Musulunci. Alƙali zai tara magada, a lissafa dukiya, a yi mata ƙima, a raba. Wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin gado da wasiyya da kyauta. Abin da ke tsayar da rabo a mazhabar Malikiyya shi ne idan mamaci ya bar mace da ciki: sai ta haihu.

Idan ya sayar da gidan ba da saninmu ba fa?

Cinikin bai hau kan rabonku ba sai kun amince. Ko kasonsa kaɗai ya sayar wa bare, kuna da haƙƙin shuf'a: ku biya kuɗin da aka saya, ku karɓe.

Shekaru sun yi nisa. Haƙƙinmu ya faɗi?

Hauzi, wato faɗuwar haƙƙin wanda ya yi shiru yana ganin wani na riƙe da dukiyarsa, shekara 10 ne tsakanin bare. Tsakanin 'yan'uwa ana maganar shekara 40, don an san kunya da zumunci kan sa mutum ya yi shiru. Amma shaidu mutuwa suke yi, kuma duk magajin da ya rasu kafin rabo, kasonsa ya koma kan nasa magadan, ƙarar mutum biyar ta zama ta talatin.