Albashin manajan gona: nawa ake biya, kuma me ke ɗaga shi ko ya sauke shi

Mai gona yakan tambayi malamin gona, "Nawa ya kamata in biya wanda zai riƙe mini gona?" Matashin da ya gama karatun noma kuma tambayarsa ita ce, "Nawa zan nema?" Dukkansu so suke a yanke musu farashi ɗaya su kama. Babu farashi ɗaya, domin sunan manaja ana liƙa shi ga ayyukan da nauyinsu bai zo kusa da juna ba.

A fara da tantance wane ne manajan. Wanda aikinsa shi ne ya raba wa leburori aiki da safe, ya ƙirga su da yamma, ya kira mai gona a waya kafin ya sayi ko da buhun taki ɗaya, wannan shugaban ma'aikata ne, ko da an buga masa kati mai ɗauke da sunan manaja. Manaja shi ne wanda yake tsara abin da za a shuka da lokacin shukawa, yake yin kasafin kuɗin shekara, yake ɗaukar ma'aikaci ya sallame shi, yake ciniki da masu kawo kaya da masu saye, yake riƙe littafin shiga da fita, kuma shi ake tuhuma idan lissafi bai fita ba. Yawancin rigimar albashi daga nan take tasowa: an ɗora wa mutum nauyin na biyu, ana biyansa kuɗin na farko.

Ba kowace ƙasa ce ke fitar da alƙaluman wannan aiki a kai a kai ba. A Amurka, Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago ta ce a watan Mayun 2023 matsakaicin albashin manajojin gona da na kiwo dala 83,770 ne a shekara. Ma'anar matsakaici a nan shi ne rabin masu aikin suna samun fiye da haka, rabi ba sa kaiwa. Waɗanda ke can sama suna karɓar fiye da ninki biyu na abin da na ƙasa ke samu, alhali duk sunan aikinsu ɗaya. Kuma alƙaluman na masu karɓar albashi ne kawai, ban da ɗimbin manoman da ke riƙe da gonakin kansu. Kada wani ya ɗauki wannan adadi ya canza shi zuwa kuɗin ƙasarsa ya ce ga abin da ya cancanta. Haraji, kuɗin haya, kuɗin asibiti da girman jarin gonakin can duk suna cikin lissafin. Abin ɗauka a ciki shi ne faɗin tazarar, domin irin wannan tazara ana samunta a ko'ina.

Abin da ya fi komai tasiri shi ne yawan dukiyar da kuskuren mutum zai iya salwantarwa, da kuma saurin salwantarwar. Mutane sun saba auna gona da faɗinta, amma faɗi kaɗai yana ruɗarwa. Hekta 200 na hatsin damina suna da lokacin gaggawa da lokacin hutu. Hekta 5 na kayan lambu a rumfar leda, da noman rani na ɗigon ruwa, ba su san hutu ba: famfo ya tsaya yini biyu a tsakiyar zafi, an yi asarar furen gaba ɗaya. Haka gidan kaji. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya da rana tsaka a ɗaki rufaffe, cikin sa'o'i kaɗan an fara kwashe gawa. Shi ya sa manajojin kaji, kifi, shanun madara da kayan lambu galibi suke fin na hatsi daraja a kasuwar aiki idan jarin ya yi daidai.

Mai gona da ke ganin albashin manaja ya yi yawa, ya zauna ya yi wannan lissafi. A kiwon kaji, abinci ne ke cin kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa. A ce an zuba kajin nama 5,000, za a sayar da su kowacce tana da kilo 2, jimilla kilo 10,000. Idan manaja yana kashe kilo 1.9 na abinci kafin a samu kilo ɗaya na nauyi, an ci kilo 19,000. Idan wani ya iya saukar da shi zuwa 1.7, kilo 17,000 aka ci. Bambancin kilo 2,000 ne, wato buhu 80 masu kilo 25, a zubi ɗaya. A yi zubi biyar a shekara, buhu 400 ke nan. Kuma ba wani sirri ba ne ke kawo wannan bambanci. Daidaita tsayin mazubin abinci da bayan kaza don kada ta watsar, ɗumin ɗaki a makon farko, ruwa mai tsafta, busasshiyar shimfiɗa, toshe hanyar ɓera, da auna kaji duk mako. A kajin ƙwai ma haka: kaji 10,000 da kashi 85 cikin ɗari nasu ke yin ƙwai kullum sun fi waɗanda kashi 78 nasu ke yi da ƙwai 700 a kowace rana, fiye da kiret 23. A shanun madara, saniya takan nemi bijimi kusan duk kwana 21; wanda bai lura da alamar ba ya ƙara mako uku a kan lokacin haihuwarta, a yi ta ciyar da ita tana rage nono. Wannan tazara ce ake saye da albashi.

Yawan ma'aikata yana ƙara nauyi, musamman da zarar sun kai yawan da manaja zai buƙaci mataimaka a ƙarƙashinsa. Nisan gona daga gari ma yana da farashinsa, domin mai iyali zai yi lissafin makarantar yara da asibiti. Kamfanoni sun fi gonakin iyali biyan tsayayyen albashi da fansho, amma sun fi takura wa mutum da rahoto. Gonar da mai ita yake nesa, ba ya zuwa sai jefi-jefi, amana ce zalla, kuma amana tana da tsada.

Takardar shaidar karatu tana buɗe ƙofa, amma ba ita ke ɗaga albashi bayan shekarun farko ba. Littafi ne ke ɗaga shi. Manajan da zai iya nuna, zubi bayan zubi, yawan kajin da suka mutu, abincin da aka ci, da nauyin da aka sayar, ko buhunan da hekta ta bayar da takin da aka zuba mata, yana da abin ciniki a hannu. Wanda ya ce "na yi shekara goma a gona" ba tare da takarda ko ɗaya ba, sai abin da aka ga dama aka ba shi. A Amurka har akwai ƙungiyar manajojin gona da masu ƙiyasta darajar filayen karkara, wadda aka kafa a 1929, tana ba da shaidar ƙwarewa bayan darussa da jarrabawa.

Sannan kuɗin da ke shiga hannu a ƙarshen wata ba shi ne dukan albashi ba. Gida, wuta, ruwa, babur ko motar da aka ba shi don harkokin kansa da manta, kuɗin waya, magani, hutun shekara, fansho, wani lokaci da ɗan fili ko izinin kiwon dabbobin kansa, duk a sa musu kuɗi a tara, sannan a kwatanta aiki da aiki. Amma a yi hattara da wannan ɓangare, domin nan ake cutar mutane. Yarjejeniya ta 95 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1949, ta yarda a biya wani ɓangare na lada da kaya, ba duka ba, bisa sharaɗin kayan su kasance masu amfani ga ma'aikaci da iyalinsa, kuma a yi musu ƙima ta adalci. Ta kuma ce a riƙa biyan albashi a kan kari, kada a cire komai daga ciki sai yadda doka ko yarjejeniyar ma'aikata ta tanada. Gidan gona yana da wata illa da ba a cika tunawa da ita ba sai rana ta ɓaci: ranar da aiki ya ƙare, ranar ce matsuguni ya ƙare. A rubuta tun farko kwana nawa za a ba mutum ya tashi. Motar da ake zirga-zirgar gona da ita kuma kayan aiki ce, ba alheri aka yi wa manaja ba, kada a lissafa ta cikin albashinsa.

Hanyoyin biya uku ne aka fi sani: tsayayyen albashi, albashi tare da ladan ƙwazo, ko kaso. A Amurka, kamfanonin da ke kula da gonakin masu filin da ba sa noma da kansu sukan karɓi kaso daga kuɗin da gonar ta shigo da su, sau da yawa tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. A ƙasar Niyu Zilan akwai tsohon tsari a kiwon shanun madara, wanda har aka yi masa doka a 1937: a nau'in da ya fi shahara, mai fili ya kawo fili da gine-gine, mai kiwo ya kawo shanunsa da aikinsa, a raba kuɗin madara rabi da rabi. A lura, mai karɓar rabin nan ya zuba jarinsa. Manajan da bai kawo komai ba sai ƙwarewa, kuma ba shi da ajiyar da za ta riƙe shi a shekarar da aka yi fari, bai kamata ya yarda da kaso zalla ba. Tsayayyen albashin ya isa ya ciyar da gida ko da gona ba ta ba da komai ba. Ladan ƙwazo ya hau bisa wannan.

Shi ladan ƙwazo nan ne aka fi tafka kuskure, domin duk abin da ka ɗaura lada a kansa, shi za a bi, a saki sauran. Ka ce za ka biya bisa yawan buhunan da aka girbe, za a zuba taki fiye da abin da ƙasa ke buƙata, amfanin gona ya ƙaru kaɗan, riba ta ragu. Ka ce bisa ribar shekara, za a ƙi canza wa tarakta mai, a bar rufin rumbu yana yoyo, a sayar da karsanan da ya kamata su zama iyayen garke, lissafi ya yi kyau bana, baɗi a ga ɓarna. Ka ce bisa rage kashe kuɗi, allurar rigakafi za a fara tsallakewa. Ka ce bisa ƙarancin mutuwar kaji, ko dai a daina rubuta waɗanda suka mutu, ko a yi ta ɗura musu maganin kashe ƙwayoyin cuta ba dalili, har a sayar da su kafin kwanakin jiran fitar magani daga jikinsu da aka rubuta a jikin kwalba su cika, maganin ya bi nama da ƙwai ya shiga cikin mutane. Wannan na ƙarshe ya wuce asarar mai gona, cutar da jama'a ce. Ba lallai manajan mugu ba ne. Hanyar da aka nuna masa ya bi.

Maganin shi ne a haɗa ma'auni biyu ko uku masu riƙe juna, kamar abincin da aka ci a kan kowane kilo, da yawan kajin da suka kai kasuwa, ana ƙirga su a ƙofa ranar shiga da ranar fita. A ɗaura ladan a kan abin da ke hannun manaja. Farashin kasuwa da ruwan sama ba a hannunsa suke ba, don haka a kwatanta shi da matsakaicin abin da gonar ta samu a shekaru uku da suka wuce, shekarar da aka yi fari kuma a dubi abin da maƙwabta suka samu. A ƙirga dabbobi, kayan rumbu da injuna a farkon shekara da ƙarshenta, su biyun suna tsaye, kowa ya sa hannu. Idan kaso daga riba ne, a fayyace mece ce riba. Ragon da mai gona ya ɗauka don hidimar gidansa, an rubuta shi a matsayin sayarwa? Sabon injin da zai yi shekara goma yana aiki, za a ɗora kuɗinsa duka a kan bana ne ko za a rarraba? Bashin da mai gona ya ci tun kafin zuwan manaja fa? Manajan da ba a bari ya ga littafin banki ba, alƙawarin kaso daga riba a wurinsa romon baka ne.

Jinkirin albashi kuma shi ne tsadar da ba ta fitowa a littafi. Kuɗin gona a dunƙule suke zuwa, bayan girbi ko bayan sayar da zubi, cefane kuwa kullum ne. Mai gona ya ware albashin watannin da babu shiga tun ranar da aka sayar da kaya. Mutumin da ke riƙe da mabuɗin sito yana bin albashin wata uku, an sa shi a jarrabawar da ba kowa ke ci ba, kuma buhun taki ko jarkar mai ba su da baki. Mai gaskiya daga cikin irin waɗannan manajoji tafiyarsa yake yi, sau da yawa ana tsakiyar aiki, ya tafi da sanin wane fegi ne ruwa ke kwantawa da wace saniya ce ke wahalar haihuwa.

Ba kowace gona ce ke iya ɗaukar manaja na cikakken lokaci ba, kuma gara a faɗi haka a fili. A rubuta dukan abin da zai ci a shekara, albashi da gida da sauran su, a ajiye gefe ɗaya. A ɗaya gefen a rubuta abin da ake sa ran zai ceto ko ya ƙara, da irin lissafin buhunan nan na sama. Idan na farko ya fi na biyu, gonar ba ta kai ba tukuna. Masu ƙananan gonaki uku ko huɗu da ke kusa da juna za su iya haɗa kuɗi su ɗauki ƙwararre ɗaya yana zagaya su, kowace gona da nata shugaban ma'aikata da ke kwana a ciki. Sai dai a raba ranakun a rubuce, musamman na lokacin shuka da girbi, domin a makon ne dukkansu za su neme shi lokaci guda.