Kutse a tauraron ɗan adam: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Tambayoyin nan an yi min su har na gaji, to ga amsa a wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Wai da gaske ana iya yi wa tauraron ɗan adam kutse?

Eh. Kwamfuta ce kawai take shawagi a sama, tana karɓar umarni daga ƙasa ta hanyar rediyo. Duk abin da ke karɓar umarni ana iya ruɗinsa.

To wani zai iya faɗo da shi a kan gidajenmu?

Haba malam. Ku rage kallon fim. Ɗan kutse ba wannan yake nema ba, ko ya saurari abin da ke wucewa, ko ya katse sadarwa, shi ke nan.

An taɓa yi, ko surutu ne?

An yi. Ranar 24 ga Fabrairu 2022, ranar da Rasha ta shiga Yukiren, an kai wa KA-SAT, hanyar intanet ta tauraro ta kamfanin Viasat, hari. Modem dubbai, wato na'urorin da ke haɗa kwastoma da intanet ɗin, suka mutu murus, aka goge musu ƙwaƙwalwa, har a Jamus injinan wutar iska kusan 5,800 na kamfanin Enercon suka daina magana da masu kula da su. Amurka da Ingila da Tarayyar Turai sun ɗora laifin a kan Rasha. Amma ku lura da kyau, don nan ne kowa ke ɓata: tauraron da ke sama ba a taɓa shi ba sam. Ta wata na'urar VPN, wato ƙofar shiga netwok daga nesa, da ba a saita daidai ba aka shiga, a ƙasa. Yawancin labaran "an yi wa tauraro kutse" in ka bi diddigi, ofis ne a ƙasa aka bar ƙofarsa a buɗe.

Tauraron sadarwar Najeriya, NigComSat-1, da ya lalace, ba kutse aka yi masa ba?

A'a. An harba shi a 2007, ya mutu a 2008 saboda matsalar farantan hasken rana da ke ba shi wuta. Aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a 2011. Ba kowace gazawa ce aikin maƙiya ba.

Ina da Starlink a shagona, ina sayar da data kuma ina POS a kai, in ji tsoro?

To nan sai a yi a hankali, don amsar ba "eh" ko "a'a" ba ce. Starlink yana ɓoye abin da ke tsakanin kwanonka da tauraro, saboda haka wani ya kafa nasa kwano a bayan gida ya saurari cinikinka, wannan ba abu ne mai sauƙi ba. A 2022 wani mai bincike a Beljiyam, Lennert Wouters, ya nuna yadda ya ɓalle kwanon Starlink da kayan dala 25, amma sai da kwanon ya kasance a hannunsa ya buɗe shi, ba daga nesa ba. Tsofaffin hanyoyin intanet na tauraro kuma labari ne daban, a 2020 James Pavur na jami'ar Oxford ya kama saƙonnin jiragen ruwa da na kamfanoni da kayan kusan dala 300, don kawai ba a ɓoye su ba. Idan wata hukuma ko banki a ƙauyenku na kan irin wannan tsohon tsari, to tambayar a kansu take, ba kai ba.

Kai abin da ya kamata ya dame ka shi ne rauta, wato na'urar raba Wi-Fi da ke ƙarƙashin teburinka. Fasuwod ɗin da ka ba wa yara ashirin a unguwa, wanda suka raba wa wasu ashirin, kuma a kan wannan layin POS ɗinka yake, ka ga inda matsalar take? Ka raba layi, na kwastoma daban na kuɗi daban, in rautarka ta ba da dama, in ba ta bayar ba ka ƙara wata ƙarama. Ka canza fasuwod lokaci-lokaci. Akawun ɗin Starlink kuma ya zama da imel ɗinka, ba na wanda ya zo ya ɗaura maka ba, don wannan sakaci na yawan gani. Shin hakan zai kare ka ɗari bisa ɗari? A'a, ba wanda zai ba ka wannan alkawari. Amma ɓarawon da zai taɓa kuɗinka ta nan zai biyo, ba ta sama ba.

GPS fa?

Wannan ya fi sauƙin dagulawa, don siginarsa na isowa ƙasa da rauni ƙwarai, kuma wanda farar hula ke amfani da shi ba a kulle yake ba. Ana toshe shi, ana kuma aika na bogi, jirage a yankin tekun Baltik da Gabas ta Tsakiya suna fama da hakan. Amma in taswirar wayarka ta kai ka Hotoro maimakon Sabon Gari, duba wayar tukuna.

Me ya sa ba a gyara tsaron taurarin gaba ɗaya?

Wasu an ƙera su ne su yi shekara 15 ko fiye, tun lokacin da ba a damu da tsaro ba. Kuma ba makaniken da zai hau sama da sukudireba.

Zan iya koyon wannan kutsen?

Ka fara da koyon netwok. Sojojin Amurka ma sun yi gasa a kai, Hack-A-Sat, a 2023 ƙungiyar Italiya ta ci. Da izini suka yi, kai ma ka nemi izini.