Ƙwallon besbol ba ta hawa sama bayan an jefa ta

Masoya wasan besbol (wasan da wani ke jefa ƙaramar ƙwallo, wani kuma ya buge ta da sanda) a Amurka da Japan sun daɗe suna cewa mai jifa mai ƙarfin hannu yana iya sa ƙwallo ta ɗaga sama dab da isarta gun mai bugu. Har 'yan wasa na rantsewa sun gani da idonsu, kuma ba ƙarya suke yi da gangan ba.

Tsakanin mai jifa da mai bugu mita 18.44 ne. Ƙwallon, mai nauyin kusan giram 145, tana cin wannan tazara cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, kuma a ɗan lokacin nan nauyinta kaɗai ya isa ya sauko da ita fiye da rabin mita. Idan aka jefa ta tana juyawa da baya, iska na tallabe ta, sai saukowar ta ragu. Amma hannun ɗan Adam ba ya juya ta da saurin da tallabin zai rinjayi nauyinta. Tana sauka dai, sannu-sannu. Mai bugu ya saba da inda ƙwallo ke faɗowa, da ta iso sama da nan sai ido ya ce masa ta hau.

Mai son tabbatarwa ya nemi bidiyon jifa da aka ɗauka daga gefe, ya rage gudunsa, ya bi ƙwallon. Hoton da ake ɗauka daga bayan mai jifa yana ruɗin ido sosai.

Don Allah a tura wa abokan kallo wannan bayani.