Gwajin ANA Ba Ya Auna Tsananin Cutar Lupus

Masu fama da lupus (cutar da garkuwar jiki ke far wa jikin mutum kansa) da yawa sun ɗauka duk sanda adadin ANA (sinadarin garkuwar jiki da ke far wa ƙwayoyin jikin mutum) ya hau a gwajin jini, to cutar ce ta motsa. Sam ba haka ba ne. Aikin ANA taimakawa wajen gano cutar tun farko, kuma har masu ƙoshin lafiya akan same shi a jininsu, shi ya sa maimaita shi ba ya ƙara komai.

Wanda likitoci suka fi bibiya shi ne anti-dsDNA (wani sinadarin garkuwar jiki da ke far wa DNA ɗin mutum), musamman idan ya hau, C3 da C4 (wasu sinadaran garkuwar jiki da ake aunawa a jini) kuma suka sauka, don hakan kan nuna ƙoda ta fara taɓuwa. Shi ma ba hukunci ba ne: wani nasa na sama shekara da shekaru, yana nan garau. Sai an haɗa da gwajin fitsari da abin da jiki ke nunawa kafin a taɓa magani.